Sikelin Hamma Adamu da gwangwanin da ya bar mini

Shekara goma ke nan da aka fitar da Hamma Adamu daga gidanmu na unguwar Gwadabawa zuwa makwancinsa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a Yola babban wa Hamma ake ce masa. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo nakan dafa ɗan abincin sadaka, maƙwabta su shigo mu yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Bana na yi sadakar, amma na kasa zama wuri ɗaya. Ɗansa Sa'adu ne ya zo neman wani abu da uban ya bari a hannuna, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Hamma ma'aikacin gandun daji ne har ya yi ritaya. Yana da tsohuwar bindiga mai dogon baki, da takardar izininta wadda yake lallaɓawa fiye da katin fanshonsa. Harsashinta yana da wuyar samu, shi ya sa tun yana aiki ya koyi sake cika kwanson da aka riga aka harba. Da ya dawo gida ya kafa rumfa a bayan ɗakinsa, maharban Yola da Jimeta suka mai da wurin majalisa. Ni a lokacin mijina ya rasu na dawo gida, kuma ni kaɗai ce macen da ya yarda ta share rumfar, wai don ba ni da rawar hannu. Da surutuna za a duba dai, ya ce, da ko ƙofar ba zan taka ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙarfen matsi da ya ɗaure a jikin benci, mai hannu irin na famfon burtsatse. Akwai wani katako mai ramuka da yake jera kwanson tagulla a tsaye, da ɗan mazurari, da burushi, da ƙarfen awon tsayi, da gilashin kare ido da ya sa yara suke masa dariya. Albarushi yana can nesa a cikin gwangwani mai murfi, inda ko ƙamshin murhu ba ya kaiwa. Sai kuma sikeli, ɗan ƙarami irin na masu sayar da zinariya, wanda yake naɗewa a farin ƙyalle. Duk wanda ya zo koyo, tambayarsa ta farko ita ce ina ake samun albarushi. Hamma yakan ce ya je ya samo sikeli tukuna, su yi maganar sauran daga baya. Masu awon ido kuwa ba ya raga musu, yakan ce suna zuba albarushi kamar mace mai fushi tana zuba gishiri a miya, kuma a ƙarshe yatsunsu ne za su ji a jika.

Yana da wata ƙa'ida da ba a wurin kowa ya koya ba. Duk wanda ya cika wa harsashi, sai ya dawo masa da kwanson, ya kuma faɗi abin da ya harba da kowanne. Zai ɗaga kwanso ya juya shi a haske, ya ce, "Wannan fa, me ya ci?" A ce gada. A ce gwaggon birin da ya hana masara sakat. A ce iska ya ci, wato an yi kuskure, a kwashe da dariya. Wanda ya fi shan tsiya shi ne amininsa Ba Modu, ɗan Barno mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Jimeta, wanda Hamma ya ce rabin harsashinsa sararin sama yake ciyarwa. Wanda ya ƙi amsa tambayar kuwa, ko ɗan wane ne, ba a sake cika masa.

Sai masifar nan ta 'yan tada ƙayar baya ta gangaro daga arewacin jihar. Wanda ya zauna a Yola a lokacin ba ya bukatar a tuna masa. Mutane suka riƙa shigowa a ƙafa da bayan manyan motoci, da tabarmi da yara, wasu ko takalmi babu. Gidanmu ya cika har zaure, ban san sunan rabin waɗanda nake dafa wa tuwo ba. Kullum ana cewa gobe 'yan bindigar za su iso gadar shiga gari. Maharba suka ɗaura layunsu suka hau akori-kura suka nufi can. Hamma gwiwa ta hana shi tafiya, sai ya zauna kan benci yana cika musu, daga bayan asuba har hasken rana ya gaza masa.

Ina shara ranar da Ba Modu ya dawo daga fagen daga karo na farko. Ya rame, ya yi baƙi, ya zazzage kwanson a kan benci. Hamma ya ɗauki ɗaya ya juya shi kamar yadda ya saba.

"Wannan fa, me ya ci?"

Ba Modu ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Adamu, yaro ne. Bindigan shi ya fi nawa kyau. Amma yaro ne."

Hamma ya miƙa hannu ya ɗauko guduma, ya daki bakin kwanson har ya baje, ya jefa shi cikin wani gwangwanin madarar gari da babu komai a ciki. Daga ranar duk kwanson da ya ci mutum haka ake yi masa. Bai daina cika wasu ba, domin gari na bukata kuma ya sani. Bai kuma daina tambaya ba, ko da maharban suka fara jin haushinta. Wani har ya ce masa yanzu ba lokacin wannan ba ne. Hamma ya ce lokacin da bindiga take cin gada ai wasa yake da tambayar, yanzu ne ranarta ta zo.

Da abin ya lafa, baƙinmu suka fara komawa, sai ya kwance ƙarfen matsin daga benci, ya tattara komai cikin akwati ya kulle. Abu biyu ya ware ya kawo ɗakina: sikelin a cikin ƙyallensa, da gwangwanin nan. Ya ce akwati na Sa'adu ne, gadonsa ne, amma waɗannan in riƙe. Na ce me zan yi da sikeli, ni da ko ɗan kunnen zinariya ba ni da shi? Ya ce mai hankali ba ya cika harsashi ba sikeli, don haka duk ranar da yaron ya so buɗe akwatin, dole ya biyo ta ɗakina. Damina ta gaba hawan jini ya kayar da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Zai ga Jimeta ta ci gonakin da yake bi zuwa farauta, gada kuwa sai a labari. Zai ga wancan tashin hankalin ya ja baya, wani ya maye gurbinsa: yanzu daga gona ake ɗauke mutum, ko daga ƙofar gidansa. Zai ga samari 'yan banga suna cika harsashi da awon ido, suna koyo daga waya. Akwai ɗan wata ƙawata a Nassarawo da bindiga ta fashe masa a hannu, yanzu da hagu yake cin abinci. Na san Hamma zai yi faɗa har muryarsa ta dushe. Abin da ban sani ba shi ne ko zai sake ɗaure ƙarfen nan a benci, domin shi ma ba don yana so ya yi na farkon ba.

Sa'adu yanzu magidanci ne, da 'ya'ya mata biyu, yana noman shinkafa a fadamar Bako. Kwanakin baya aka ɗauke maƙwabcin gonarsa da rana tsaka, ya dawo bayan makonni ba ya iya taka ƙafa. Manoman wurin suka shiga banga, Sa'adu ya bi su. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Goggo, na buɗe akwatin Baba. Komai na nan, sikeli ne babu."

Na san ko a kasuwa zai samu sikeli idan ya nema. Yardata ya zo nema. Idan na hana shi, zuciya za ta iya sa shi bin abokansa ya yi awon ido, in rasa yatsunsa ko in rasa shi. Idan na ba shi, da hannuna na tura ɗan Hamma inda Ba Modu ya je ya dawo yana kallon ƙasa. Na ce ya ba ni lokaci. Na yi ta kai da kawo a tsakar gida, na ɗora tukunya na manta da ita, na yi wa jikoki faɗan da ba su san dalilinsa ba. Tsoro nake ji, kuma haushin Hamma nake ji da ya kwanta abinsa ya bar ni da wannan.

Ranar sadakar, bayan mutane sun watse, na kira shi. Na ce ya fara zuwa wurin hukuma ya yi takarda kamar yadda ubansa ya yi, kuma ya je ya kira Ba Modu ya zauna kusa da shi idan zai fara, tun da tsohon yana nan da ransa. Ya ce to. Na ce me yake shirin harbi? Bai yi mini ƙarya ba, ya ce, "Goggo, kin sani." Na miƙa masa sikelin. Sannan na jawo gwangwanin na tura gabansa. Ya ɗaga da hannu ɗaya, ya ji nauyi, ya sa na biyu. Ya buɗe ya ga bakunan nan da guduma ta baje, ya ce wannan fa na mene ne? Na ce shi ma cikin kayan aikin yake, shi ne ma babba, na ba shi labarinsa tun daga Ba Modu. Ya fita rungume da shi, ko sallama bai yi ba.

Hamma bai bar gida mai bene ba, rumfarsa ma yanzu kaji ke kwana ciki. Tambayarsa ce ta rage, kuma ga shi ta faɗo kaina. Na gaya wa Sa'adu duk kwanson da ya harba ya kawo mini nan Gwadabawa, in juya shi a haske in tambaye shi. Gudumar ashe ba ta cikin akwatin, jiya na gano ta a bayan rumfa duk ta yi tsatsa. Na goge ta na ajiye ƙarƙashin gadona, kuma duk sallar da na idar roƙona ɗaya ne, Allah ya sa in bi Hamma ban ɗaga ta ba.