Ƙahon da Na Yi Saboda Inna

Shekarata biyu a Gaya ba ni da kowa sai tsohuwar da nake zaune a gidanta. Aikina cika wa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, takardu kusa da gadar da ke hayewa Benin. Wuni nake cikin hayaniya, Dandanci nan, Zabarmanci can, amma in na tashi ba mai tambayar ina na nufa. Ita kaɗai ke tambaya. Ƴar Tunuga ce, tana ƙyafa kifi a tsakar gida, Hausarta ta kasuwa ce, gajera. Da na shigo sai ta ce, "Ɗana, ka ci?" Ni kuma ina ce mata Inna.

Bayan damina zazzaɓi ya kwantar da ita, har tafin hannunta ya yi fari fat. Na kai ta asibiti. Lokotoro ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata, kuma ba su da irin nata a ajiye. Majo, babbar ma'aikaciyar jinya, wata mata mai tabarau, ta tambaya, "Ina danginta?" Ɗanta guda ne, yana Kwatano, wayarsa ba ta shiga. Na duba dama da hagu, na ce ga ni. Aka soki yatsana, aka ce namu ya zo ɗaya. Majo ta ce mai ɗibar jinin ya tashi, in zo gobe da sassafe, in karya kumallo kafin in fito.

Wallahi na ji daɗi, na kuma ji tsoro. Ban taɓa ba da jini ba. A hanya na yi ta tunanin irin jinin da ke jikina: mutumin da ke wuni cikin hayaƙin gazuwal, abincinsa shayi da goro, kullum ƙeya na sara. A garinmu in jiki ya yi nauyi haka, wurin wanzami ake zuwa ya fitar da mataccen jini. Sai na ce ai bai kamata in ba Inna datti ba, bari in tace shi tukuna. Ban yi shawara da kowa ba. Da wa zan yi?

Bayan la'asar na sami wanzami a gindin bishiya bayan kasuwa. Na faɗa masa dalili, ya gyaɗa kai. Ya kafa mini ƙaho shida, huɗu a baya, biyu a ƙeya, ya tsattsaga da aska. Da ya zazzage su a ƙasa, ya nuna mini baƙin gudan jinin, ya ce, "Ka gani? Da wannan za ka ba tsohuwa." Na tashi jikina sakayau, ina ji da kaina kamar na yi abin kirki.

Da safe na sha kunu, na sa riga mai tsabta. Majo ta auna ni, ta ɗaura mini abin awon tansiyo don duba hawan jini. Da ta zagaya ta bayana sai ta tsaya.

"Malam, mene ne wannan a ƙeyarka?"

Na ba ta labari har da murmushi, kai ka ce lada zan karɓa. Ta ajiye biro.

"Aska ta tsaga ka jiya, ba mu san wanda ta tsaga kafin kai ba. Ba za mu ɗiba ba sai bayan watanni."

Na ce ta dubi Allah, don tsohuwar na yi. Ta ce ta sani, kuma don tsohuwar take hana ni. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Na zauna a benci na waje har azahar. Kowane majinyaci da nasa, wannan da kwanon abinci, wancan da tabarma. Na kasa shiga wurin Inna, na kasa tafiya. Ban taɓa jin kaina baƙo a garin nan ba kamar ranar.

Sai washegari aka samu jini. Wani direba ne da ya kawo abokin tafiyarsa, majo ta roƙe shi, ya bayar ya kama hanyar Dosso. Ko fuskarsa ban gani ba.

Inna ta tashi, amma ƙarfin ƙyafa kifi bai dawo ba. Da ɗanta ya iso, ya ce zai mai da ita Tunuga wurin dangi. Ranar tafiya, an riga an ɗora kayanta, ta kira ni. Ta kama hannuna tana shafa inda ake soka allura, tana neman tabo.

"Ya warke," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Da kai ɗana ne na baki, yanzu jininka na jikina."

Ɗanta ma ya yi mini godiya. Na ja wuyan rigata sama don kada ta ga ƙeyata, na ce amin.

Ban sake ganinta ba.