Bindigar da Muka Hora Kamar Sa

Shekarar da rijiyar ƙofar gidanmu a Kademi ta rufta, ita ce shekarar da Kawu Sale, ƙanin Inna, ya dawo daga kudu da bindigar iska. Ina aji uku a lokacin. Ranar wata Laraba ce da la'asar, manya suna ta kwasar laka daga bakin rijiyar, sai ga shi a kan keke da dogon kwali ɗaure a baya. A zaure ya buɗe shi. Baƙar bindiga ce mai gindin katako, tana warin mai, da gwangwanin harsashi guda, ƴan ƙananan dalma kamar ƙwayar dawa, sai wata takarda da rubutun Turanci. Baba ya jujjuya takardar, ya miƙo min. Na gane harufa biyar ko shida kawai, na mayar masa. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Tun da gero ya fara fitar da kai a daminar nan aka tsayar da ni daga makaranta saboda korar tsuntsu. Baba yana fama da ciwon gwiwa, ni ne kuma babba a maza. Daga asuba har faɗuwar rana ina kan rumfa a tsakiyar gona, ina jan igiyar gwangwanaye, ina jifa da majajjawa, ina ihu har murya ta dushe. Idan iska ta juyo nakan ji ƙararrawar makaranta, in san an fita tara, abokaina su Ado suna can suna langa ban da ni. Shi ya sa maganar da Baba ya yi a zaure ta zauna min. Cewa ya yi, "Ranar da bindigar nan ta daidaita, ni zan zauna da ita a inuwa, kai ka koma wurin malaminka."

Kawu ya nuna mana yadda ake karya ta a tsaka, a sa harsashi, a rufe, a ja kunama. Ya ce wani sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfe, a ciki yake tunkuɗa iska. Muka rataye tsohuwar ƙwarya a jikin kuka. Harbin farko hayaƙi ya fito, na biyu ya yi sama, na uku ya yi hagu. Kawu ya ce mai shagon ya gaya masa sabuwa ba ta nutsuwa sai ta yi harbi kamar ɗari biyar. Baba ya juye gwangwanin a faifai ya ƙirga, ya ga abin da ke ciki bai kai haka ba, kuma sai an je Kano ake samun wani. Shi kuwa mutum ne da ake kawo wa shanun huɗa har daga garin Balan don ya hora. "Ko sa ba da garma ake fara masa ba," in ji shi, "gungume yake ja. A hore ta ba harsashi." Kawu bai ja da mijin yayarsa ba. Bayan kwana biyu ya koma kudu.

Haka na shiga horo. Hamsin a rana, ina ƙirgawa da tsakuwa daga wannan aljihu zuwa wancan. In karya, in rufe, in ɗana, in harba iska. Kafaɗa ta riƙe, tafin hannu ya yi kanta. Notinanta sukan kwance, in ɗaure da tsinin wuƙa. Wajen kwana na bakwai ƙararta ta canza, ta koma kamar ana niƙa tsakuwa a ciki. Baba ya saurara, ya ce murya ce ta buɗe.

A rana ta goma sha ɗaya ya zo gona a kan jaki da harsashi biyar a ƙulle a leda, za a gyara saiti. Ina harbi, yana murɗa ɗan notin da ke saman hancinta. Na huɗu ya taɓa ƙwaryar, amma bai huda ta ba. A na biyar wani abu ya ce ƙas a ciki, harsashin ya faɗo gaban ƙafata. Maƙerin da ya buɗe ta a kasuwar Gaya ya zazzago sifirin a karye gida uku, da fatar da ke toshe iska a ƙone. Ya ce ba shi da irinsu.

Mako na gaba tsuntsayen jan-baki suka sauka. Na koma kan igiya da ihu. Kafin a gama girbi ƴan ajinmu sun wuce aji huɗu, gwiwar Baba ta ƙara tsanani, daminar da ta biyo ma ni ne a kan rumfa.

Bara, bayan rasuwar Baba, na sami takardar a akwatinsa tare da gwangwanin. Yanzu ina zuwa ajin manya da yamma, Hausa nake haɗawa a hankali, don haka ƴata Hauwa na miƙa wa. Ba ta daɗe tana dubawa ba ta ce, "Abba, ai a layi na biyu yake. An ce kada a taɓa harba ta babu harsashi."

Na ce ta sake karantawa, ta sake. Harsashin da muka tattala yana nan a gwangwanin, ba abin da ya sake taɓa shi. Abin da ya tafi kuwa, sifirin guda ne, da dami goma sha ɗaya na gero da tsuntsu ya cinye, da shekara talatin da huɗu ban zauna a aji ba.