Awon Baƙin Mai

Ranar Juma'a ce ta ƙarshen watan Oktoba, shekarar da nake aji biyar na firamare, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu uku ne a tsakar gidanmu da ke Tudun Wada. Baba yana tsugune gaban babur ɗinsa, Inna tana sheƙar dawa a gindin rumbu, ni kuma ina tsaye da kwano da 'yar fartanya a hannu, domin ƙawayena suna ƙofar gida suna jirana mu tafi kalar gyaɗa. Baba ya zaro tsinken awon baƙin mai daga jikin inji, ya goge shi da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, sannan ya ɗago shi saitin fuskata, ya rage murya.

"Uwata, ina ya tsaya?"

Haka yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Baba malamin dabbobi ne. Aikinsa shi ne bin rugage daga Falgore har zuwa gindin duwatsun Doguwa yana yi wa shanu allurar rigakafi, kuma babu abin da ke kai shi can sai wannan babur. Babba ne mai nauyi, wurin zamansa ƙasa-ƙasa, hannunsa mai faɗi, da salansa biyu masu sheƙi. A hannun wani tsohon ma'aikacin madatsar ruwa ta Tiga ya saye shi tun ba a haife ni ba. Fulani suka sa masa suna Bajimi, saboda tun daga nesa suke jin rurinsa, har yara su fara kora shanu zuwa turke kafin ya iso.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin Bajimi ne. Baba zai shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba. Zai wanke cen da kananzir ya shafe shi da girisi, ya kwance fulogi biyu ya kankare baƙin da ya taru a bakinsu, ya hure dattin kafireto, ya bi wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa don ya ji wadda ta saki. Daga ƙarshe ya buga kik, ya sunkuyar da kai yana sauraro. Yakan ce, "Inji ba ya ɓoye ciwonsa, mai shi ne ba ya kasa kunne." Da yake injin ya tsufa, yana shan baƙin mai ƙwarai, sai an ƙara masa kusan kowane mako. Inna takan yi masa tsiya cewa man da Bajimi ke sha a wata ya fi wanda ke shiga miyarta a shekara, ga shi ko tuwo bai taɓa tuƙa wa kowa ba.

Akwai abin da ni kaɗai na sani a gidan. Kusan shekara biyu ke nan idon Baba yana raguwa. Yana ganin saniya, yana ganin bishiya da hanya, amma ƙaramin rubutu da 'yan layuka biyun da ke jikin tsinken awo sun ɓace masa. Ni nake karanta masa sunayen kwalaben magani, shi kuma ya ɗaura wa kowace zare mai ƙulli daban don ya gane ta da yatsa. Ni nake faɗa masa launin fulogi da inda mai ya tsaya. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, har Inna, domin idan maganar ta kai ofis za a sauke shi daga aikin daji. Ina alfahari da wannan amana fiye da duk wani sakamakon jarrabawa.

A wannan yammacin na dubi tsinken, na kuma gani sarai. Man ko layin ƙasa bai kai ba, ɗan danshi ne kawai a bakin tsinken. Na san galan ɗin baƙin man da ke bayan ƙyaure ya ƙare. Na san idan na faɗi gaskiya ni za a aika bakin titi sayo wani, kuma kafin in dawo rana ta faɗi, ƙawayena sun kwashe gyaɗar. Kala kuwa ta wanda ya riga ce. Sai na ce ya kai layin sama. Baba ya ce madalla, ya mayar da tsinken ya ɗaure. Na cika kwanona taf a ranar, muka dawo muna waƙa.

Washegari da sassafe ya ɗaure kular magani a bayan babur ya kama hanyar Falgore. Daga baya muka ji cewa ya bar kwalta ya shiga daji da nisa, injin ya fara ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, sannan ya tsaya cik. Ya yi ta turawa cikin rana har ƙanƙarar kular ta narke, maganin rugage uku ya lalace. Makiyaya ne suka tsince shi, suka ɗora babur a amalanken shanu zuwa bakin titi.

Ranar Lahadi aka kira Ɗanjuma bakanike daga Ƙafin Maiyaki, shi kaɗai ke taɓa irin wannan inji a yankinmu. A zaure ya kwance shi, gaban Kawu Sale yayan Baba da maƙwabta biyu. Ni na kawo musu ruwa, na tsaya. Ɗanjuma ya kwance noti ya tara kwano, abin da ya zubo bai cika cokali uku ba. Ya fito da fistin da ya ƙone ya manne, ya juya shi a hannu yana dariya.

"Haba Malam, azumi ka sa Bajimi? Kai da kake koya mana duba mai?"

Kowa ya yi dariya ban da mu biyu. Baba bai juyo inda nake ba. Ya ce, "Na duba, Ɗanjuma. Ban gani ba ne. Idon ya daɗe da tafiya, ni ne na ƙi faɗa."

Kawu Sale ya ɗaga yatsu daga bakin ƙofa ya tambaye shi nawa ne. Baba bai iya faɗa ba. A ranar Kawu ya karɓi makullin babur ɗin ya sa a aljihu, Inna kuma ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Na jira Baba ya kira ni ya tambaye ni, ko ya yi mini faɗa. Da la'asar ya kira ni, ya ce in karanta masa wata takarda, da muryar da ya saba.

Yanzu idan na je gida, ƙananan babura ne suka cika hanyar Doguwa, yara na tuƙa su har inji ya mutu a canza wani, ba mai zama ya saurare su. Na sha jin mutane suna cewa gara da maganar idon Baba ta fito kafin ya yi hatsari a hanya, kuma na san gaskiya suka faɗa. Amma zaɓen lokacin da zai bayyana ta nasa ne, ni na ƙwace masa saboda kwanon gyaɗa.

Kafin ƙarshen shekarar aka mayar da shi ofis, bayan wata tara ya yi ritaya. Likitoci a Kano suka ce an makara. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, bai sake zuwa ruga ba, kuma ba mu taɓa yin maganar ba.