Farin Yadin Kawu Siyadoris

Kawuna Siyadoris shi ne mai unguwar ƙauyenmu da ke kusa da Matara, a tsibirin Silon, zamanin mulkin Turawan Ingila. Mutum ne mai son girma kamar me. Ko gonar kwakwarsa za shi sai ya ɗora baƙar kwat a kan zane, ga hoton Sarkin Ingila a zaurensa.

Shekarar da gwamnati ta taƙaita shigo da yadin Japan don na Ingila ya samu kasuwa, Kawu ya ɗauki abin kamar gadon ubansa. Ya sa aka buga ganga, ya tara mu.

"Cinikin 'yan gida ɗaya ne," in ji shi. "Mu sa yadin Ingila, su sayi kwakwarmu da daraja. Mai yadin Japan butulu ne."

Dingiri Hami, wata bazawara mai murza igiya, ta ce, "To Mai unguwa, kafin kwakwar ta yi daraja, ganyenta za mu ɗaura?"

Aka kwashe da dariya. Kawu ya nuna rigarta da sanda, ya kira ta mai tsumman Japan a bainar jama'a.

Yadi ya yi tsada, kwakwa ko gezau. Ana nan ana nan, ɗansa Jinadasa ya kafe sai 'yar Dingiri zai aura. A al'adarmu, ranar ɗaurin aure ango yakan miƙa wa uwar amarya farin yadi a gaban kowa, tukuicin nonon da ta shayar da 'yarta. Kawu ya riga ya cika gari da cewa na Ingila zai saya, alhali aljihu ya bushe. Sai ya sulale zuwa wani gari, ya sayo na Japan, ya yanke bakin da aka buga hatimi. Bai san har da ɗaya bakin an buga ba.

Ina tsaye daf da su ranar ɗaurin auren. Dingiri ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ninki ɗaya, sai ga hatimin nan shuɗi ɓaro-ɓaro. Na gani, Kawu ya gani. Ni da ba ni na saya ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Gumi ya jiƙa wa Kawu kwat.

Ta mayar da ninkin a hankali, ta ɗaga murya: "Na Ingila ne kam, surukina. Daga taɓawa na gane."

Da zaginsa ta yi, da ya samu abin cewa. Tun ranar bai sake buga ganga kan maganar yadi ba. In ya hango ta tafe sai ya ratse cikin kwakwa, mutumin da a da ake kauce wa hanya. Sau da yawa ya yi shirin zuwa ba ta haƙuri, sai ya kai bakin shingenta ya juyo.

Ba ta taɓa ɗinka yadin ba. Da ta rasu, 'yarta ta fito da shi, don mu farin yadi ake bai wa limaman Buddha sadaka a jana'iza. Aka ba Kawu ya miƙa. Ya ɗaga ninkin. Ashe tuntuni ta yanke hatimin, ta dalmashe bakin da zare, ɗinki ƙanana-ƙanana.

Kawu ya durƙusa a nan, ya kasa tashi.