Layi Biyar na Anti

Shekara goma sha bakwai Anti ta yi a teburin nan na bakin ƙofa, gefen injin kwafi mai cin takarda. Da buga wasiƙu ta fara, yau ita ke ɗaukar ma'aikata a kamfanin, mai sayar wa shagunan magani manhajar kula da kaya. Direba, masinja, mai gadi, duk ita ta zaƙulo su. Amma mai rubuta manhaja? Nan ta ga ta kanta.

Guda ɗaya tak suke da shi, Dogo. Shi ya gina manhajar tun daga tushe, shi ake nema in ta tsaya, shekara uku ko hutun mako bai samu ba. Ranar da aka taso shi daga asibiti yana jinyar mahaifiyarsa, ya zo ya tsaya a gabanta, ido jawur.

"Anti, wallahi na gaji. In ba a samo mini na biyu kafin ƙarshen wata ba, zan ajiye."

Ta san in ya tafi, kamfanin ya durƙushe ke nan, har da teburinta. Ta zaunar da shi ta sha masa tambayoyi, sannan ta rubuta sanarwa layi biyar: ga abin da za ka gina, ga abokin aikinka, ga albashi a fili, kwana biyu a mako daga gida, ba mai kiran ka ranar hutu.

Oga, mai kamfanin, ya duba ya taɓe baki. "Wannan ai roƙo ne. Mu gwani muke nema!" Ya zaro jan biro. Ya soke albashi, ya soke hutu, ya kwaso duk sharaɗin da ya gani a sanarwar manyan kamfanoni ya jibga, har shafi biyu. Ƙwarewar shekara goma. Jure matsi. Har da gyaran injin kwafi, don Allah fa!

"Ranka ya daɗe, mutum muke nema ko aljani?"

"Ke dai buga."

Ta buga. Mako uku, mutum biyu suka leƙo: mai gyaran waya, da wani da ya zata shagon magani ne. Takaici ya ishe ta, kullum sai ta koma gida da ciwon kai. Rannan ƙanwarta, mai irin aikinta a wani ofis, ta zo tana mitar su ma sun rasa mai manhaja. Anti ta zaro takardarta ta farko daga jaka ta cilla mata.

"Ungo, mu ba ta yi mana rana ba."

"Allah ya bar mana ke, Yaya."

Ran talatin ga wata Dogo ya ajiye mata ambulan a tebur.

"Anti, kin karanta tamu kuwa? Ni da na gina abin, rabin sharuɗɗan ban cika ba." Ya miƙa mata wayarsa. "Dubi inda zan koma. Duk wanda ya rubuta wannan ya san mu ma mutane ne."

Layi biyar ne. Ko kalma ɗaya ja'irar ƙanwar tata ba ta sauya ba. Anti ta mayar masa da wayarsa.

Daga ciki Oga ya ɗaga murya: "Ke, sanarwar nan ta yi sauƙi da yawa, kawo in ƙara!"

Ta buga wa takardar Dogo hatimi, ta ce ya gaida Mama da jiki.