Layin Sama na Kibod

A ofishinmu ba wanda yake taɓa layin sama na kibod, maɓallan nan goma sha biyu masu harafin F. F5 kaɗai aka sani, shi ma da safe ake danna shi sau goma a jere, wai don kwamfuta ta wartsake. Ni kuwa na san sauran, kuma ban taɓa iya ɓoye abin da na sani ba.

Lokacin shekarata uku ina neman a mayar da ni reshenmu na Zariya. Can matata take da 'ya'yanmu biyu, ni ina ɗaki ɗaya a Bwari, sai ƙarshen wata in je tashar Jabi in hau mota. Ƙaramar 'yata takan ɓuya bayan uwarta idan na shigo gida. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Ranar da na ɗaure kaina, oga ya fito yana faɗa, yana son sunayen ma'aikata duka da manyan baƙaƙe kafin azahar. Madam, abokiyar aikina 'yar Filato mai bugu da yatsa biyu, ta fara gogewa tana sake bugawa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ta matsa. Na zaɓi shafin gaba ɗaya, na riƙe Shift na danna F3, nan take sunayen suka koma yadda yake so. Da na tsaya nan da sauƙi. Amma oga na tsaye a kaina, sai kaina ya kumbura. Na nuna masa F2 na canza wa fayil suna, F12 na ajiye sabon kwafi, F4 na maimaita abin da ka yi yanzun nan. Ya dafa kafaɗata ya ce ashe da gwani a gidan.

Bayan wata biyu takardar neman canjina ta dawo. An rubuta a gefe da jan biro cewa ofis ba zai iya rabuwa da ni ba a yanzu.

Sai na yi dabara. Tunda iyawa ce ta riƙe ni, bari in raba ta. Kullum lokacin hutun rana nakan zaunar da Madam, na ma rubuta mata maɓallan a takarda na manna a gefen kwamfutarta. Ta sha wuya, don ba ni da haƙurin koyarwa, ita kuma har sau biyu tana haɗa Alt da F4 ta rufe aikin da muke ciki.

Wata rana ta dube ni ta ce, "Malam, kai yana so ka gudu ka bar ni da oga, ko?"

Na ce ƙwarai kuwa. Ta yi dariya, don ta san labarin 'yata. Da hannunta ya faɗa, na shiga yabonta a gaban oga, da dalili ba dalili.

Ƙarshen shekara oga ya miƙo mini jerin waɗanda aka canza wa wurin aiki, rubutun hannu, in buga. Reshen Zariya ya nemi wanda ya iya kwamfuta, kuma sunan Madam ne a gurbin. Ba ta taɓa nema ba, 'ya'yanta a nan suke makaranta. Na bi oga har cikin ofishinsa.

Ya ce, "Ai kai ka ce ta iya. Kai kuwa ba na ba da kai."

Na dawo na zauna. Da hannuna na buga sunanta, na mayar da shi manyan baƙaƙe, na danna F12 na ajiye. Da aka ɗora jerin a shafin intanet na ofis, na buɗe na danna F5 har sau uku, alhali na san abin da ke ciki.

Ranar Asabar ni na ɗaukar mata jaka zuwa tashar Jabi. Da ta shiga mota na miƙa mata leda, ƙananan takalman da na sayo wa 'yata ne a ciki, na kwatanta mata gidanmu. Ta karɓa ta tambayi lambar ƙafar yarinyar. Na ce ƙiyasi na yi.