Baƙin Fentin Motar Hamma

Hamma, babban wanmu, yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara da yake kai wa makiyaya dusa da kanwa a kasuwannin ƙauye ta hanyar Biu. Da ita muke ci a gidan. A shekarun da hanyar ta lalace, mutanen daji suna tare motoci suna harbi, yawancin abokan sana'arsa sun ajiye makulli. Shi bai ajiye ba, don ba shi da wata sana'ar.

Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske, Hamma kuma ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta bi ta kaina ko da yana tsaye a wurin. Amma duk ranar da ya fita sai ta ce cikinta ya ƙi abinci. Ta rame har abin ya fara ba ni tsoro. Ni ce auta, ni nake ɗauke kwanon yadda na ajiye shi.

Kanwa ce ta jawo maganar fenti. Ta ci bayan motar, tsatsa ta fara huda ƙarfen. Wani mai fenti a wani gareji a unguwar Bolari ya ce akwai wani baƙin abu mai kauri da ake fesawa a inda ake loda kaya, in ya bushe ba abin da ke cin sa. Hamma ba ya yin abu rabi da rabi. Ya ce in dai haka ne a fesa wa motar gaba ɗaya, har ƙofofi da rufi.

Na biya ta garejin daga kasuwa ranar da ake aikin. Sun kankare tsohon fentin, sun liƙe gilasai da fitilu da tsofaffin jaridu. Mai fentin ya ɗaure hanci da tsumma yana bin jikin motar da bakin injin feshi, abin yana fita kamar narkakkiyar kwalta. Warin ya hau mini kai. Na ce wa Hamma, "Wannan ai ɓata mota ne." Ya ce in jira ya bushe. Da ya bushe ma bai yi kyau ba. Ba sheƙi ko kaɗan, ga kaushi kamar bayan kada.

Da ya shigo da ita layinmu a unguwar Nasarawo, mata suka ja yara suka rufe ƙofofi, sun ɗauka sojoji ne suka zo kame. Sai da ya fito yana dariya aka taru ana shafawa. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota wanda ba ya cewa bai sani ba, ya ƙwanƙwasa ƙofar motar da makulli, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai.

"Irin na motocin yaƙi ne," in ji shi. "Harsashi ba ya ratsa wannan."

Kafin la'asar maganar ta zagaye unguwa ta shigo mana gida. Inna ta kira ni, ga Hamma yana alwala a gefe.

"Tambayi wancan, gaskiya ne abin da ake faɗa?"

Hamma ya daɗe yana wanke ƙafa ɗaya. Sannan ya ce, "Haka dai mutane suke cewa."

Washegari ya fita, Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Ni kuwa kaina ya ɗaure. Na yi boko daidai gwargwado, na san fenti ba ya tare harsashi. To amma wannan ba irin fentin da na sani ba ne, ga shi sojojin da ke shingen bincike a hanya ma, in ji Hamma, sai sun shafa shi suna tambayar inda aka yi. Gilashin fa? Shi ai ba a fesa masa komai ba. Na koma har Bolari na tambayi mai fentin. Ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, ƙaya da ƙahon sa dai na san ba sa karce shi. Harsashi kam ban gwada ba." Na dawo na tsare Hamma a zaure. Ya ce, "Ke, Inna tana cin abinci ko ba ta ci? To me kuma kike nema?" Na bar shi nan ina jin haushinsa, kuma wallahi wani lokaci ni ma sai in ji na yarda, don yarda ta fi sauƙi.

Aka yi watanni a haka, Inna ta murmure. Sai aka aiko cewa mijin ƙanwarta ya rasu a wani ƙauye da ke kan wannan hanyar. Ba wanda ya kawo zancen zuwa ta'aziyya, kowa ya san halin da ake ciki. Da safe Hamma ya fito zai tafi kasuwa, ya tarar da Inna zaune a gaban mota, ta yafa mayafi, ƙunshin kayanta a cinya.

Ya ce mata ai motar tana da matsala, sai ya biya wurin bakanike. Ta ce mini in gaya masa za ta jira. Ya ce kaya sun yi yawa, tafiyar za ta wahalar da ita. Ta ce in gaya masa ta yi tafiyar ƙafa da ta fi wannan da goyo a baya. Ina tsaye tsakaninsu ina kai magana ina dawo da ita, alhali kowa yana jin kowa. Ya zagaya motar, ya duba taya, ya sake zagayawa.

Daga ƙarshe ya durƙusa a bakin ƙofar ya ce, "Inna, ki sauko. Fenti ne kawai. Ba ya tare komai."

Na jira faɗa, ko kuka, ko ta ce a karɓe makullin. Ba ta yi ko ɗaya ba. Har yau ban sani ba ko ta taɓa yarda da maganar tsohon direban, ko kuwa dama ce kawai ta samu ta huta na ɗan lokaci. Ta gyara ƙunshin da ke cinyarta, ta juyo ta dube shi, shi kansa, ba ni ba.

"Na ji," ta ce. "Kai za ka fasa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ba zai iya fasawa ba, gidan ba ko ƙwayar masara.

"To shiga ka ja mu je."